Zafin Jiki da Ƙwazon 'Yan Wasa: Darasi Daga Tseren Doha

Gabatarwa

A daren 27 ga Satumba, 2019, mata 68 suka yi sahu a bakin tekun Doha, babban birnin Ƙatar, domin gudun famfalaki na kilomita 42 a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. Da gangan aka sa lokacin tashi dab da ƙarfe 12 na dare don a kauce wa rana. Duk da haka zafin gari ya haura digiri 30 a ma'aunin Salsiyus, ga kuma danshi cike da iska. Mata 28 ba su kai ƙarshe ba. Wadda ta zo ta ɗaya, Ruth Chepngetich 'yar Kenya, ta kammala cikin awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 43, alhali a watan Janairun shekarar, lokacin sanyi a Dubai, ta yi irin wannan gudu cikin awa 2 da minti 17 da daƙiƙa 8. Mace ɗaya, tazara ɗaya, to ina minti 15 suka shiga? Wannan ita ce tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa.

Daga ina zafin yake fitowa?

Jikin mutum mai lafiya yana zama ne a wajen digiri 37. Akwai wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda masana ke kira haifotalamus, shi ne mai gadin wannan ma'auni. Idan tsoka tana aiki, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari kawai na makamashin da take ƙonawa ke zama motsi, saura duka zafi yake komawa. Wato mai gudu tamkar murhu ne da ke ci daga ciki. Da a ce babu hanyar fitar da wannan zafi, da jikinsa zai riƙa ƙaruwa da digiri ɗaya a kowane minti biyar zuwa bakwai, kafin rabin awa kuwa ya shiga haɗari.

Darasin randa

Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Dalili kuwa shi ne, ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, idan iska ta busar da shi sai ya tafi da zafin randar. Haka fatar mutum take aiki da gumi. Lita ɗaya ta gumi, in ta bushe a kan fata, tana kwashe kimanin kilokalori 580 na zafi. Abin lura a nan shi ne kalmar "bushe". Gumin da ya zuba ƙasa, ko ya jiƙa riga ya tsaya, bai sanyaya kowa ba, asarar ruwa ce kurum.

A lokacin sanyi iska kanta tana ɗauke zafi daga fata. Amma da zarar zafin gari ya kai na fata, wato wajen digiri 35, sai wannan ƙofa ta rufe, gumi kaɗai ya rage. Idan kuma iska ta riga ta ƙoshi da danshi, gumin ma ba zai bushe da sauri ba. Abin da ya faru a Doha ke nan: babu rana, amma randar ta rasa iskar da za ta busar da ita.

Jini ɗaya, masu buƙata biyu

Jini ne ke kai wa tsoka iskar oksijin, shi ne kuma ke ɗauko zafi daga cikin jiki ya kai shi fata. Babban mutum yana da jini kimanin lita biyar, don haka a cikin zafi dole a raba shi gida biyu. Bugu da ƙari, ruwan gumi daga jini ake samo shi, kuma ɗan wasa yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a cikin awa guda. Jini yana raguwa, zuciya tana ƙara saurin bugawa don ta cike gurbi. Idan ruwan da aka rasa ya wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki, juriya takan fara raguwa. Ita ma ƙwaƙwalwa tana sa baki, takan sa mai gudu ya ji gajiya ya sassauta tun kafin zafin ya yi ɓarna. Minti 15 ɗin nan, galibi a nan suka salwanta.

Dabarun sanyaya jiki

Dabara ta farko ita ce sabo. Wanda ya yi kwana 10 zuwa 14 yana atisaye a cikin zafi, yana ƙarawa sannu a hankali, ruwan jininsa yakan ƙaru, gumi ya riƙa zuwa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita a cikinsa ya ragu.

Ta biyu ita ce sanyaya jiki kafin wasa, ta hanyar sa riga mai aljihunan ƙanƙara, ko shan niƙaƙƙiyar ƙanƙara, ko shiga ruwan sanyi. Wanda ya fara da jiki mai sanyi yakan daɗe kafin ya kai iyaka. Sai dai ba a son tsokar ƙafa ta yi sanyi, domin tsoka mai ɗumi ta fi ƙarfi da sauri, musamman ga masu gajeren tsere da masu tsalle.

Ta uku ita ce sanyaya jiki ana cikin wasa, da ruwan sha, da jiƙaƙƙen tawul a wuya, da inuwa. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, an tsayar da wasan Holan da Meziko a birnin Fortaleza don 'yan wasa su sha ruwa su huce. Makonni kaɗan bayan tseren Doha kuma, aka yanke shawarar ɗauke gudun famfalakin gasar Olamfik daga Tokyo zuwa Sapporo da ke arewacin Japan, inda aka yi shi a 2021.

Idan zafi ya yi yawa

Idan zafin cikin jiki ya wuce digiri 40, kuma mutum ya fara ruɗewa, ko tangaɗi, ko sambatu, ko ya faɗi, to ana cikin halin bugun zafi, wanda ke iya lalata ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, har ya kai ga rasa rai. Kada a ce tun da yana gumi lafiya lau yake. Ƙa'idar likitocin wasanni ita ce a fara sanyayawa nan take, a kuma nemi asibiti. Mafi inganci shi ne a tsoma shi cikin ruwan sanyi zuwa wuya, ana tallafe da kansa. In babu hali, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa.

Aiki ga malamai da ɗalibai

A watannin Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Ya kamata a mai da wasannin makaranta zuwa sassafe ko bayan la'asar, a tanadi ruwa da inuwa, a kuma hutar da duk ɗalibin da ke da zazzaɓi ko gudawa. Ruwa ma a sha daidai ƙishirwa, domin ɗirka shi fiye da kima yana tsinka gishirin jini.

Ga gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, a samu ma'aunin zafi biyu, a naɗe ƙasan ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga, a yi musu fifita na minti biyar, a rubuta bambancin. A yi wannan da bazara, a sake yi a tsakiyar damina. Na biyu, a auna nauyin ɗalibi kafin wasan ƙwallo da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu daidai yake da kimanin lita ɗaya ta ruwa. Daga sakamakon gwajin farko, sai aji ya tattauna: wace rana ce ta fi haɗari ga mai gudu, mai digiri 38 da busasshiyar iska, ko mai digiri 32 da iska mai danshi?