Wasiƙar Ofis Ba Sai Ta Ƙetare Teku Ba

Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka samu matsala daura da gaɓar Kwaddibuwa, ciki har da MainOne da WACS da SAT-3 da ACE. Daga Legas har Kano an ji a jika: bankuna suka yi ta ba jama'a haƙuri, aiki ya yi ta tafiyar hawainiya. A irin wannan rana, ma'aikacin da ke Kibiya a kudancin Kano in ya aika wa na ɗakin kusa da shi takarda ta Gmail, dole sai ta isa kwamfutocin Google can wata uwa duniya kafin ta dawo. Tsakaninsu bai fi taku goma ba, amma in hanyar waje ta toshe, takardar ta maƙale ke nan.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa asalin imel ba haka yake ba. A 1971, Ray Tomlinson na kamfanin BBN a Amurka, mutumin da ya zaɓi alamar @, ya aika saƙonsa na farko ne tsakanin kwamfutoci biyu da ke girke gefe da gefe. A 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar da ake kira SMTP, aka sake yi mata kwaskwarima a 2008, kuma ita ake bi har yau. Ƙa'idar ba ruwanta da nisa. Abin da take nema kawai shi ne saba biyu da suka san adireshin juna.

Saba ita ce kwamfutar da aka keɓe don karɓar wasiƙu, ta adana su, ta miƙa su gaba. A ɗauka wata ma'aikata ce a Kibiya mai sashen kuɗi da sashen mulki, kowanne da sabarsa, an haɗa su da waya ɗaya a cikin gini. Ta farko tana da lamba 192.168.1.10, ta biyu 192.168.1.20. Lambobin da suka fara da 192.168 na cikin waɗanda aka ware wa amfanin cikin gida, ba sa aiki a intanet na waje.

To, ga yadda ake miƙa wasiƙar. Sabar sashen kuɗi za ta ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 25 a jikin 'yar'uwarta. Waccan ta amsa da 220, wato ana iya shigowa. Mai aikawa ta ce EHLO, ta faɗi sunanta. Sai ta ce MAIL FROM, ta ambaci mai wasiƙar. Ta ce RCPT TO, ta ambaci wanda za a kai wa. Kowane mataki in ya yi daidai ana amsa mata da 250. Daga nan ta ce DATA, a ba ta izini da 354, ta zuba wasiƙar baki ɗaya, ta rufe da ɗigo guda a layi shi kaɗai. Amsar 250 ta ƙarshe ita ce mai nauyi. Kamar direban motar haya ne a tashar Rano da aka damƙa wa saƙo ya ce ya karɓa: daga lokacin amana ta koma wuyansa, ko dai ya kai, ko ya dawo ya faɗi abin da ya hana.

Inda masu gyara suka fi shan wahala shi ne yadda saba ɗaya ke gano ɗaya. A al'ada, saba tana tambayar kundin adireshin intanet, DNS, wa ke karɓar wasiƙun suna kaza, a nuna mata abin da ake kira MX. In ba a kafa wannan kundi a cikin gida ba, sai ta tambayi na waje, a ba ta adireshin waje, ta fita neman maƙwabciyar da ke bayan bango. Wani lokaci ma kowacce sai ta ɗauka ɗayar ce mai akwatin, su yi ta jefa wa juna wasiƙa. Manhajar Postfix, wadda ake girka wa sabar imel, tana ƙirga hatimin da kowace saba ke bugawa a kan wasiƙa, in ya wuce 50 sai ta mayar wa mai ita. Maganin ba shi da tsada: a kafa ƙaramin DNS na gida, ko a rubuta wa kowace saba ƙarara cewa wasiƙun sashe kaza lamba kaza ake kai su.

Abin da ya fi dacewa da ƙasarmu a wannan tsari shi ne haƙurinsa. Amsar da ta fara da 5 tana nufin an ƙi karɓa kwata-kwata, misali babu mai wannan suna. Wadda ta fara da 4, ko kuma shiru saboda an ɗauke wuta, tana nufin a dakata. Sai saba ta ajiye wasiƙar a layi, ta riƙa sake gwadawa. Ƙa'ida ta ce a jure kwana huɗu zuwa biyar kafin a sallama. Wanda ya san yadda wuta da sabis ke zuwa su tafi a karkarar kudancin Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Manhajar kuwa kyauta ce. Wietse Venema ya fitar da Postfix a 1998 yana aiki da IBM, Philip Hazel ya fara Exim a Jami'ar Kambirij a 1995. Tsohuwar kwamfuta mai lafiya da faifan sola da batir sun isa ƙaramin ofis.

Sai dai kada a ɗauka abin wasa ne. Sabar da aka bar ta tana miƙa wasiƙar kowa zuwa ko'ina, 'yan damfara za su gano ta, su mayar da ita hanyar watsa saƙonnin banza, sunan ma'aikatar ya shiga jerin waɗanda ake toshewa. A taƙaita mata lambobin gida kaɗai. A kunna STARTTLS, don ba tare da shi ba duk wanda ya samu hanyar leƙa wayar zai iya karanta takardar albashi tas. Wasiƙun da za su fita waje kuma gara a bi da su ta sabar kamfani amintacce, domin tun Fabrairun 2024 Gmail ta tsananta sharuɗɗan tantance mai aikawa. Mai shago ɗaya da waya ɗaya ba ya bukatar wannan ɗawainiya. Ta makaranta ce da asibiti da sakatariya, inda takardu ke yawo tsakanin ɗakuna kullum.

Shugabannin irin waɗannan wurare a Kibiya da Rano da Bunkure su kira mai kula da kwamfutocinsu, a cire wayar intanet ta waje, a aika wasiƙa daga wannan ofis zuwa wancan. In ba ta isa ba, a sa shi ya gyara tun kafin ranar bukata.