DARASI: ZAMAN JIRAN ƊAN SIYASA

Ya ku samari, akwai abin da ya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Saurayi lafiyayye ya yi Asuba, ya koma barci har hantsi, sa'an nan ya je ya tare a ƙofar ɗan siyasa yana jiran na shayi. In an hana shi, ya ce an danne masa haƙƙi. Haƙƙin me? Gonar wa ya nome?

Ku kan ce wai don ba namu ke mulki ba ne. To ku duba. Saminu Turaki, mutumin Kazaure, ya yi gwamnan Jigawa daga 1999 zuwa 2007. Badaru Abubakar, mutumin Babura, ya yi daga 2015 zuwa 2023. Shekara 16 ke nan. Wanda ya riƙi maula sana'a tun lokacin, a Roni ya ke ko a Gwiwa, me ya tara ban da koɗaɗɗiyar hular jam'iyya?

Ku tuna Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.). Ya iso Madina hannu Rabbana, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, halal tsantsa. Sai ya sa masa albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa. Da cuku da man shanu ya fara.

Ban ce ku ƙyale shugabanni ba. Ku tambaye su ruwa da taki da asibiti, wannan haƙƙin jama'a ne. Amma ga dam nan a Kazaure, kuma in rani ya kama masu lambu kan nemi hannu. Wa zai je a cikinku?