Shin Hali Kan Nuna Taɓin Hankali Tun Kafin Ya Zo?

'Yan uwa ɗalibai, taɓin hankali irin wanda mutum kan ji muryoyi ko ya gaskata abin da babu shi, yawanci yana farawa ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara 30. Shekarunmu ke nan fa. Shi ya sa na ga ya dace mu duba abin da masana suka gano.

A 1994 aka buɗe wani asibiti a Melbon ta Ostireliya, inda Alison Yung da Patrick McGorry suka ware matasa masu haɗarin kamuwa kashi uku: masu ƙananan alamu, waɗanda ciwon ya taɓa su ƙasa da mako guda ya tafi da kansa, da waɗanda iyaye ko 'yan uwa na jini ke da shi kuma al'amuransu suka fara lalacewa.

To, ina hali ya shigo? Abin da ya fi jan hankalina shi ne binciken Thomas Kwapil na 1998 a Amurka. An bi ɗaliban jami'a shekara 10, sai aka ga waɗanda ba sa jin daɗin hulɗa da mutane sun fi saura kamuwa da ciwon ko danginsa. A kula, ba kunya ake nufi ba. Mai kunya yana son shiga majalisa, fargaba ce ke hana shi. Wannan kuwa ko ya zauna, daɗin hirar ba ya ratsa shi sam. A 2008 wani binciken a kan matasa 291 a Arewacin Amurka ya ƙara da yawan zargi, baƙon tunani, da tarihin shaye-shaye. Masu busa wiwi a bayan hostel, kun dai ji.

Amma kar wani ya tashi yana yi wa abokin ɗakinsa kallon mahaukaci. Da aka haɗa bincike da yawa a 2012, kashi 36 cikin 100 na masu haɗarin ne suka kamu cikin shekara 3. Mafi yawansu ba su kamu ba. A ganina, canjin hali ya fi halin kansa abin lura: mai fara'a ya koma ƙunshe kansa a ɗaki, ya daina shiga lacca, yana cewa ana maganarsa a ko'ina. Irin wannan a raka shi kilinik, ba tsokana ba.

Kuma ba lallai a ɗora shi kan ƙwayoyi ba. A Ingila, ƙa'idar hukumar NICE ta 2014 ta ce kada a ba mai haɗarin maganin taɓin hankali don rigakafi. A fara da zaman tattaunawa da ƙwararre, tare da iyalinsa in da hali.