KUTUTTURE MAI RAI

Karatu: Yahaya 15:1-8, Ayuba 14:7-14, Luka 13:6-9

Ya kai mai karatu, in ka bi hanya daga Maraɗi zuwa Tibiri, ko ka nufi kudu wajen Jiratawa, dubi gonaki dama da hagu. Za ka ga gawo da kalgo da sabara da aduwa tsaye a cikin gero. Tambayi tsofaffin garinku, za su gaya maka ba haka ƙasar take ba a zamanin fari na 1973 da na 1984. A lokacin gonaki sun zama fili fetal. Iska takan kwaso rairayi ta binne shuka, har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku. Mata sukan yi doguwar tafiya neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu.

To, wa ya dasa itatuwan nan? Yawancinsu ba wanda ya dasa su.

A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi aikin dashen itatuwa. An dasa da yawa, amma rana da gara da awaki suka cinye kusan duka. Wata rana a 1983 ya tsaya a kan hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Sai ya lura da wani ɗan tsiro, irin wanda manoma suke sarewa kowace shekara lokacin sassabe. Da ya duba da kyau ya ga ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare tuntuni. Saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka fara koya wa manoma su bar tohon ya girma. Wannan shi ne sassabin zamani. Da fari an yi wa masu yinsa dariya, ana cewa gonarsu ta ƙazanta. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun farfaɗo a kan hekta miliyan 5 a Nijar.

Akwai koyarwa huɗu a nan domin gidanka.

1. Rai yana cikin saiwa

Ayuba ya san wannan abu. A cikin wahalarsa ya ce itacen da aka sare yana da sauran bege, gama da ya ji ƙanshin ruwa zai sāke toho. Sa'an nan ya yi tambaya mai nauyi: mutum fa, in ya mutu zai sāke rayuwa? Amsar tana wurin Yesu Almasihu. An gicciye shi saboda zunubanmu, aka binne shi, maƙiyansa suka ce magana ta ƙare. A rana ta uku ya tashi.

A nan sai ka lura. Kututturen kalgo yana da saiwa tasa, amma mu ba mu da rai na kanmu, gama zunubi ya raba mu da Allah. Shi ya sa Yesu ya kira kansa itacen inabi, mu kuwa rassa. Reshen da aka yanke yakan yi kwana ɗaya da ɗanyen ganye, kashegari ya yi yaushi. An haife ka a gidan masu bi? Madalla. Amma sunan ubanka ba zai ba ka rai ba. Kai da kanka ka tuba, ka ba da gaskiya ga Yesu?

2. Manomi yana datse abin da yake so

Ka san yadda ake aikin. Kututture ɗaya yakan fid da toho goma ko ashirin. In an bar su duka, sai su yi ta ƙwacen ruwa, ba wanda zai zama itace. Manomi yakan zaɓi uku ko biyar masu ƙarfi, ya sare sauran, ya datse ƙananan rassa na ƙasa da gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Wanda bai sani ba sai ya ce ɓarna ake yi.

Yesu ya ce Ubansa shi ne manomi, yakan kuma gyara reshe mai 'ya'ya don ya ƙara haihuwa. Da Maganarsa yake wannan gyara, wani lokaci kuma da wahala. Me ya toho a zuciyarka yana shanye ƙarfinka? Gulma a bakin rijiya? Bashin da ka ci don biki na fariya? Layar da ka ɓoye a ƙarƙashin riga, kana cewa ko da wani abu? Gabar da ke tsakaninka da ɗan'uwanka a kan iyakar gona? Sara yana da zafi, amma hannun da yake riƙe da gatarin hannun Uba ne.

3. Don me kake bi?

A yunwar 1984 aka riƙa ba mutane hatsi a ƙauyukan Maraɗi, su kuma su bar toho a gonakinsu. Aka bar itatuwa dubu ɗaruruwa. Da rabon hatsi ya ƙare, da yawa suka koma suka sare nasu. Amma waɗansu suka daure. Su ne suka fara samun itacen girki a kusa, da ganye domin dabbobi, da kariya daga iska. Maƙwabta suka gani, suka bi sawunsu ba tare da an ba su ko mudu ɗaya ba.

Yesu ma ya tsauta wa taron da suka neme shi saboda gurasar da suka ci (Yahaya 6:26). In don magani, ko makaranta, ko taimako kake zuwa sujada, ran da abin ya yanke kai ma za ka yanke. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Zauna cikin Almasihu da rani da damina, maƙwabtanka za su ga 'ya'yan.

4. Kada ka sare abin da Allah bai fid da rai da shi ba

A cikin misalin ɓaure, mai gona ya yi shekara uku bai sami 'ya'ya ba, ya ce a sare shi. Mai aikin gonar ya roƙa a ƙara masa shekara ɗaya, ya yi masa kaftu, ya zuba taki. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, duk da haka Yesu ya komo da shi, ya ba shi kiwon tumakinsa. A Danja, kusa da Jiratawa, tun 1956 aka buɗe asibitin masu ciwon kuturta, aka karɓi mutanen da danginsu suka ƙi.

Kai maigida, ke uwargida, wane ne kututture a gidanku? Ɗan da ya tafi ci rani ya manta da sujada? Miji mai shaye-shaye? Ɗan'uwan da ya fāɗi cikin zunubi, ikilisiya ta daina gaishe shi? Ku yi masa addu'a da sunansa, ku ziyarce shi, ku bar masa ƙofa a buɗe. Kai kuma da kake jin kamar kai ne kututturen, ka sani an ƙara maka lokaci. Amma ɓauren shekara ɗaya aka roƙa masa. Kada ka ce sai baɗi.

Tambayoyi domin iyali

1. Me yakan sami reshen da ya rabu da itace?
2. Wane abu ne Allah yake so ya datse a gidanmu?
3. Wa za mu ziyarta a makon nan?

Ayar haddacewa: Yahaya 15:5

Addu'a: Ya Ubanmu, mun gode maka domin Yesu wanda ya mutu ya kuma tashi. Ka riƙe mu a cikinsa. Ka datse abin da ba ya gamsarka, ka ba mu haƙuri da waɗanda suka ja da baya. A cikin sunan Yesu. Amin.