Yarinyar da Ta Tashi, Ta Yi Tafiya, Ta Ci Abinci

Karatu: Markus 5:35-43.

Sa'anda mu ke karanta labarin ɗiyar Yayirus, yawancinmu mukan tsaya a kan mu'ujizar kaɗai. Amma ku duba ayoyi biyu na ƙarshe. Yarinyar, mai shekara 12, ta miƙe ta yi tafiya, Ubangiji Yesu kuwa ya umurta a ba ta abinci. Shi ne ya tashe ta, amma ciyarwa sai ya bar ta a hannun mutanen gida. Aikin nan yana hannunmu har yau.

Akwai yaro da cikinsa a cike ya ke, duk da haka yunwa tana cinsa. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana ciwon nan a ƙasar da a ke kira Ghana yanzu, a shekarar 1933, a 1935 kuma ta sa masa sunan da mutanen Ga su ke kiransa, watau kwashiyoko, ciwon yaron da aka yaye domin an yi masa ƙane. Mun san shi a gidajenmu: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, yaro ya zauna shiru ba ya son wasa. Wadansu sukan ce sammu ne ko maita. Ba haka ba ne. Kunu tsura da tuwo tsura ba su isa gina jikin yaro ba.

Abin kunya, maganin yana cikin rumbunmu. Mu ne masu noman gyada da wake da waken soya, amma da kaka sai mu kai su kasuwa duka. Ƙwai kuma mukan sayar, har wadansu suna cewa yaro mai cin ƙwai zai zama ɓarawo. Ba mu sami wannan ko'ina cikin Littafi Mai Tsarki ba. Mu dattawa ma muna da namu laifi, gama ranar Kirsimati a kan fara kai mana nama, yara su jira romo. Jariri ya sha nono kaɗai har wata 6. Bayan wannan a dama masa kunu da gyada ko garin soya, a sa zogale da manja cikin miya, a kuma zuba masa a kwanonsa dabam, domin a kwano ɗaya da manya ƙarami ne ya ke tashi da yunwa.

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara ciyar da 'yan firamare na aji 1 zuwa 3, an kuma dakatar da shirin a farkon 2024. Mun gode domin yaran da suka amfana. Amma ekklesiya wadda ta ke da fili a bayan ɗakin sujada, da Zumuntar Mata, da mudun wake daga kowane gida bayan girbi, tana iya dafa wa 'yan makarantarta ko sau biyu ne a mako ba tare da jiran kowa ba.

Yarinyar ta yi tafiya kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki minti 60 kowace rana. Yaran ƙauye suna samun wannan a gona da hanyar rijiya. Na birni ne abin damuwa, waɗanda makarantarsu gida ce ta haya ba filin wasa, da sun dawo kuwa sai waya a hannu. Kada malamin Makarantar Lahadi ya kore su in sun yi langa ko ƙwallo a harabar ekklesiya. 'Yan Birged ma su ƙara gudu da tsalle a kan faretinsu, a bar 'yan mata su yi gaɗarsu.

Ranar Lahadi mai zuwa, bari mata biyu su tsaya a ƙofa su duba yara suna fitowa. Wanda aka ga ƙafarsa ta kumbura, a raka uwarsa asibiti ranar Litinin da safe.