Yadda Ake Auna Lantarki Da Ƙarfin Riƙo A Jikin Ƙwayar Zarra Ɗaya

Firosesar wayar zamani tana ɗauke da biliyoyin transistoci, wato 'yan ƙananan makunnan da ke buɗe wa lantarki hanya ko su rufe ta. Kamfanoni sun yi ta ƙanƙanta su, har kaurin wasu sassansu bai wuce 'yan ƙwayoyin zarra ba. A wannan ƙanƙanta lantarki kan ɓulle ta cikin shingen da aka sa ya tare shi, ya riƙa yoyo, waya ta ɗau zafi, caji ya zuba. Ba a iya magance matsalar sai an iya auna ta, kuma yadda ake awon shi ne darasin yau.

Allurar da ke jin lantarki

Idan aka kasa milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Faɗin ƙwayar zarrar zinare kusan nanomita 0.3 ne, don haka madubin likita ba ya ganin ta.

A 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer na kamfanin IBM a Zurich suka ƙera na'urar STM, wadda ta kai su ga kyautar Nobel a 1986. Tana da allurar ƙarfe da tsininta ya ƙare da zarra ɗaya. Ana kusanto da ita jikin abin da za a duba ba tare da ta taɓa ba, sai lantarki ya ɓulle ta ratar da ke tsakani. Duk lokacin da ratar ta ragu da nanomita 0.1, lantarkin kan ninka kusan sau goma. Da wannan bambanci kwamfuta ke zana taswirar zarra ɗaya bayan ɗaya.

Allurar da ke jin ƙarfin riƙo

STM ba ta aiki sai a kan abin da lantarki ke bi. Shi ya sa a 1986 Binnig da abokan aikinsa suka fito da AFM, wadda ke auna ƙarfin da zarra ke jan 'yar'uwarta ko tunkuɗe ta. Wannan jan ne ke haɗa sinadarai wuri guda.

Daga baya Bajamushe Franz Giessibl ya ɗora allurar a kan ɗan dutsen kwaz irin na agogon hannu, wanda a cikin agogo yake karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa. Idan zarra ta ja allurar, saurin karkarwar kan sauya, daga nan a lissafa ƙarfin. Da yake allurar ta ƙarfe ce, ana auna lantarki da ƙarfin riƙo a lokaci guda.

Me aka gano?

Niyuton ɗaya ya yi kusan nauyin giram 100 a tafin hannu, fikoniyuton kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na niyuton. A 2008 masu bincike na IBM a Kalifoniya suka gano cewa ana buƙatar fikoniyuton 210 kafin a matsar da zarrar kobalt a kan filatinam, amma 17 kacal sun isa a kan jan ƙarfe. Zarra iri ɗaya ce, shimfiɗar da take kai ce ta bambanta.

A ɓangaren lantarki, idan aka ja siririyar wayar zinare tana ƙara sirancewa, lantarkin ba ya raguwa a hankali, yana sauka ne mataki-mataki kamar matakalar bene. Idan zarra ɗaya ta rage a tsakiya, turjiyarta kan tsaya kusan om 12,900, kuma da zarar riƙon ya katse hanyar lantarki ta rufe.

Abin lura

A matakin zarra, yadda abu ya riƙe ɗan'uwansa shi ke yanke yawan lantarkin da zai wuce, don haka mai ƙera ƙananan na'urori dole ya san duka biyun. Ɓullewar lantarki kuma ba kullum take zama illa ba. Ma'adanar waya da katin memori da ita suke rubuta bayanai da gogewa: duk hoton da aka ajiye, lantarki ne ya ratsa siririn shinge ya zauna a bayansa.