Kafin Damina Ta Faɗi: Shawarwari Goma Daga Bakin Injiniyoyi Ga Gidajen Sabon Birni da Isa

Tun 1958 aka kafa Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, wato NSE, kuma tana da reshe a Sakkwato. Rassanta kan shirya laccoci a kan rushewar gine-gine, ambaliya, ruwan sha da wutar lantarki, har da bikin ranar injiniyoyi ta duniya da ake yi duk 4 ga Maris. Sai dai a birni ake taron, galibi da Turanci. Mu kuwa nan ƙasar Gobir ga gulbi a gefe, ga 'yan uwa da rashin tsaro ya taso daga ƙauyuka, kowa yana ƙara ɗaki cikin gaggawa. In ka tace abin da masanan nan ke faɗa, da yawansa maigida da uwargida za su iya yi da ɗan abin da ke hannunsu.

1. Tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa.
Bunsuru da Gagare a yankin Isa suke haɗuwa, Gulbin Maraɗi kuma ya faɗo Rima ta wajen Sabon Birni, don haka filin da ka gani busasshe da rani yana iya zama hanyar ruwa a watan Agusta. Kafin ka biya kuɗin fili, nemi tsohon unguwa ya nuna maka iyakar ambaliyar Satumban 2010, wadda ta ɗaiɗaita garuruwan kwarin Rima har ta karya hanyar Jami'ar Danfodiyo a Sakkwato. Inda ruwa ya taɓa kwana zai dawo, komai arahar wurin.

2. Ɗaga daɓen ɗaki ya fi titi tudu.
Cika ƙasa har daɓen ya ɗara ƙofar gida da aƙalla bulo biyu, domin titi yana ƙara tudu duk shekara da shara da rairayi, ɗaki kuwa yana nan inda ka bar shi. Kafin a zuba siminti a shimfiɗa baƙar leda mai kauri, a kuma ratsa ta cikin bango a saman harsashi. Ita ce ke hana danshi hawa ya riƙa zubar da shafe yana ruɓar da tabarma da buhunan gero.

3. Gyara indararo da yaɓe tun watan Afrilu.
Gidan ƙasa daga gindi yake mutuwa, wurin da ruwan indararo ke dukan katanga. Ƙara wa indararon tsawo, ka jera duwatsu ko fasassun bulo inda ruwan ke sauka, sannan ka tara ƙasa a gindin bango ta gangara waje. Ku haɗu da maƙwabta ku yashe kwatar layi rana guda, don in taka ta fita ta maƙwabci ta toshe, cikin zaurenka ruwan zai juyo.

4. Gwada bulo da yashi kafin a sauke mota.
Ɗaga bulo ɗaya daidai ƙirji ka sake shi a ƙasa mai tauri: na kirki ya tsaya ko ya rabu biyu, na ha'inci ya watse gari. Yashi kuma zuba shi cikin gorar ruwa, ka girgiza, ka ajiye ya kwanta; in laka ta yi kauri a samansa, ba zai kama siminti da kyau ba. Shi ma simintin taɓa buhun, in ya yi dunƙule-dunƙule ya riga ya sha danshi, bar wa mai shago kayansa.

5. Shayar da siminti kwana bakwai.
Ba bushewa ke ƙarfafa siminti ba, ruwan da yake sha a hankali ne, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Zafin Maris da Afrilu na zuƙe ruwan tun kafin aikin ya kama, don haka a yayyafa safe da yamma a lulluɓe da tsofaffin buhuna. Wajen kwaɓa kankaren linta da ginshiƙi tsaya a kan birkila: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kada a tsinka shi da ruwa don ya yi saurin zuba.

6. Nisanta masai da rijiya.
A bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, kimanin taku 40 na babban mutum, rijiya kuma ta kasance ta wajen tudu. A ƙasar fadama ruwa yana kusa, ƙazanta na bi ta cikin rairayi ta isa rijiya ba wanda ya gani, daga nan sai amai da gudawa. Uwargida, sa a ɗaga bakin rijiyar, a yi mata murfi, a kafa ƙusa ta rataye guga don kada ya kwana a ƙasa.

7. Janareta a waje, ko da ana tsoron ɓarawo.
Cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutane cikin barci. Kada a kunna shi a ɗaki, ko zaure, ko ƙarƙashin tagar da ake kwana. Yi masa 'yar rumfa a tsakar gida, ka ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. Garwashin jin ɗumi da hunturu ma haka yake, a fitar da kasko kafin a rufe ƙofa.

8. Kula da sola, za ta daɗe tana yi maka aiki.
A wannan yanki namu allon sola kudu yake fuskanta, a ɗan jingine, nesa da inuwar darbejiya. Ƙurar hunturu na rage masa ƙarfi, don haka a goge shi da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Batirin ruwa kuwa kada a riƙa shanye shi ƙasa da rabi, a ajiye shi wuri mai iska, in ruwansa ya ja baya a ƙara na batir, ba na rijiya ba.

9. Soket mai zafi gargaɗi ne.
In ka taɓa soket ka ji ɗumi, ko ka ji ƙaurin roba, kashe wutar ka kira mai gyara tun kafin dare. Fiyus in ya ƙone kada a ɗaura masa waya mai kauri, domin ya ƙone ne don ya ceci gidan. In ka hana shi, wayar cikin silin ce za ta kama. Dutsen guga da hita kowanne a ba shi soket nasa, kada a tara su kan jona ɗaya.

10. Abin da zai hau kan mutane, nemi injiniya mai rajista.
Bene, dekin, ko tankin ruwa a sama ba aikin ƙiyasi ba ne: tanki mai lita 1,000 in ya cika nauyinsa ya kai buhun siminti 20. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, saboda haka tambayi lambar mutum ba tare da jin nauyi ba, ko ka fara da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Haka in ka ga tsaga a bango, ja layi da alli a ƙarshenta. In ta wuce layin cikin 'yan makonni, kwashe iyali daga ɗakin ka kira masani.

Saura abu ɗaya da ya fi ƙarfin gida guda. Ƙungiyar ci gaban unguwa ko kwamitin masallaci na iya rubuta wa reshen NSE na Sakkwato takarda, su roƙi a turo wanda zai yi bayani da Hausa a gaban magina, birkiloli da masu haɗa wuta. 'Ya'yanmu da ke karatun injiniya a Jami'ar Danfodiyo da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi su ma in sun zo hutu a ba su tabarma a ƙofar mai unguwa, su faɗi abin da suka koyo. Kafin nan, ɗauki tsani yau da la'asar ka duba indararonka.